Kufan Hvalsey da ƙauyukan bakin teku na kudancin Girinlan: mutuwa suka yi ko tashi suka yi?

Malamin_Tarihi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A makon jiya muna cikin darasi kan yadda gari ke komawa kufai, sai wani ɗalibina ya nuna mini hoton wani kangon dutse a bakin ruwa, babu rufi a kansa, amma bangonsa huɗu na tsaye, ga ƙofofi ga tagogi, kamar bara aka tashi daga wurin. Ya ce sunan wurin Hvalsey, a kudancin tsibirin Girinlan, kuma gidan gona ne na wasu Turawan arewa da suka zo daga Aislan, waɗanda zan riƙa kira Norsawa don sauƙin magana. Sun sauka a yankin wajen shekarar 985 a ƙarƙashin jagorancin Erik Ja, suka zauna fiye da shekara ɗari huɗu, sannan labarinsu ya yanke a cikin ƙarni na 15.

Na gaya wa yaran cewa sanyi ne ya gama da su, domin sun ƙi barin kiwon shanu su koyi farauta irin ta mutanen Inuwit, mafarautan dabbobin teku na ƙasashen ƙanƙara, waɗanda jikokinsu ke zaune a Girinlan yau. Da na koma gida sai raina ya ƙi kwanciya da wannan amsa, saboda a cikin hoton kansa ga tumaki nan suna kiwo a gindin kangon. Idan ƙasar tana ciyar da tumaki yau, me ya hana ta ciyar da su a wancan lokaci? Mutanen nan mutuwa suka yi a ɗakunansu, ko kuwa ɗaure kaya suka yi suka tashi?

Bakatsine_a_Denmak

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya nufa na taka wurin nan da ƙafata a watan Yuli, lokacin da nake karatu a Denmak, don haka bari in fara da gyara ɗaya. Ginin da ke cikin hoton coci ne, cocin gidan gonar, wanda aka gina wajen shekarar 1300. Gidan gonar kansa yana gefe, kuma sai mutum ya zagaya cikin ciyawa kafin ya gane shi: akwai babban zauren taro wanda bangonsa bai gama zubewa ba, akwai tushen ɗakunan kwana, da garken shanu, da ɗakunan ajiya, da wani kewaye na dutse da aka ce na dawaki ne.

Daga garin Qaqortoq muka tashi a ƙaramin jirgin ruwa mai inji, tazarar ba ta kai kilomita ashirin ba, kuma babu titin mota da ya haɗa garuruwan yankin, ko dai ruwa ko sama. Tsawon cocin kamar mita 16 ne, faɗinsa kamar mita 8. Na tsaya a cikin ƙofar da ke fuskantar ruwa na miƙa hannuwana biyu don in auna kaurin bangon, sai na ga ya kai kusan mita ɗaya da rabi. A ciki akwai 'yan ramuka a jikin bango irin alkukin da kakanninmu ke ajiye fitila a ɗakin soro, kuma tagar gabas tana da baka a samanta, duwatsun sun riƙe juna har yau. Ƙasan wurin ciyawa ce da kashin tumaki. Abin da ya fi damuna a ranar shi ne sauro da ƙananan ƙudaje, waɗanda ban taɓa zaton zan haɗu da su a ƙasar ƙanƙara ba.

Game da tambayarka, abin da na lura shi ne wurin bai yi kama da inda aka yi ɓarna ba. Bai yi kama da gidan da aka ƙone ko aka rusa ba, ya fi kama da gidan da aka kwashe kaya aka ja ƙofa.

Likitan_Dabbobi

Malam, tumakin da ka gani a hoto kada su ruɗe ka. Matsalar makiyayi a can ba damina ba ce, hunturu ne. A 'yan watannin da ciyawa ke tsirowa dole ya yanka ya shanya ya tara abin da zai ciyar da dabbobinsa na tsawon watannin da suke kulle a garke, kuma saniya tana cin abin da tumaki da yawa za su ci. Duk wanda ya taɓa tara harawa a kan rufi don rani ya san lissafin: idan abin da ka tara ya ƙare kafin sabuwar ciyawa ta fito, sai yanka ko asara. Makiyayin yau a can yana da tarakta, da takin zamani, da leda ta naɗe ciyawa, kuma idan shekara ta ɓaci jirgi na kawo masa abincin dabbobi daga waje. Banorse ba shi da komai sai lauje da hannuwan iyalinsa. Don haka amsar da ka ba yara ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin daga ƙarni na 13 zuwa na 14 yanayin yankin ya ƙara tsanani.

Hajiya_Mai_Tumaki

Likita, na yarda da lissafin harawa, domin ni ma da shi nake kwana. Amma ina ganin inda Malam ya kuskure shi ne cewa wai sun ƙi canzawa. Makiyayin da ya shekara ɗari huɗu a wuri ɗaya, kaka da jika da tattaɓa kunne, ba za a kira shi wanda bai san ƙasarsa ba. Da taurin kai ne da ba su kai shekara hamsin ba.

Dalibar_Kimiyya

Hajiya ta yi gaskiya, kuma akwai hujja a kan haka. An auna sinadaran da ke cikin ƙasusuwan da aka tono daga maƙabartunsu, domin ƙashin mutum yana nuna ko daga tudu yake ci ko daga teku. Sakamakon ya nuna cewa mutanen farko yawancin abincinsu daga gona da garke yake, amma zuwa ƙarni na 14 fiye da rabin abincin wasunsu daga teku yake fitowa, musamman naman dabbar nan da ake kira sil, mai jiki kamar na ayu. Juji na gidajensu ma cike yake da ƙasusuwanta. Haka kuma ƙananan gidajen gona sun rage shanu sun koma ga awaki da tumaki.

Akwai kuma binciken da aka wallafa a 2022, wanda aka yi da lakar gindin wani tafki kusa da gonakinsu, ya nuna cewa abin da ya ƙaru a yankin shi ne fari, ƙasa tana ta ƙara bushewa. Wani binciken na 2023 ya nuna cewa ruwan teku ya yi ta hawa yana cin filayen bakin gaɓa, waɗanda su ne mafi kyawun wuraren ciyawa. Wannan ya yi daidai da magudanan ban ruwa da aka gano a Igaliku, wani ƙauye a yankin, domin ba a haƙa magudana sai inda ruwan sama ya gaza.

Likitan_Dabbobi

Na gode, 'yar'uwa. Ko sanyi ko fari, duk a rumbun ciyawa suke haɗuwa, don haka ban janye maganata ba, sai dai na karɓi gyaran cewa sun nemi mafita.

Dan_Kasuwar_Kurmi

Ku yi haƙuri, ni duk abin da na ji a nan na gona ne da garke, alhali mutanen nan 'yan kasuwa ne. Abin da ya riƙe su a can shi ne hauren walras, wata dabbar teku mai haure biyu dogaye. Kowace shekara mazajensu kan yi tafiyar makonni a jirgin ruwa zuwa arewa, wajen mashigin Disko, su farauto ta, a kai hauren Bergen ta ƙasar Norwe, daga can ya bazu cikin Turai ana sassaƙa kayan coci da 'ya'yan dara da shi. Har zakkar cocinsu da haure suka biya a 1327. Da haure suke sayen ƙarfe da katako, abubuwan da ƙasarsu ba ta da su.

To sai abubuwa suka taru. Hauren giwa daga Afirka ya ƙara shiga kasuwannin Turai, kuma ya fi na walras girma da kyan sassaƙa. Annobar da ta shiga Norwe a 1349 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, har jiragen da ke zuwa Girinlan suka ragu. Tun 1261 tsibirin yana ƙarƙashin sarkin Norwe, kuma cinikin yana hannun sarauta, don haka idan jirgin sarki bai zo ba babu wanda zai zo. Duk wanda ya ga yadda zango ke mutuwa idan ayari ya canza hanya ba zai yi mamakin Hvalsey ba. Rijiya tana nan, inuwa tana nan, amma babu dalilin zama.

Bazazzagi_77

Ke nan Alhaji yana nufin hauren da fatakenmu suka kai Arewacin Afirka ta hamada ne ya tashi waɗannan mutane?

Dan_Kasuwar_Kurmi

A'a, ɗan'uwa, ban ce haka ba, kuma kada a ɗora mini. Na ce hauren giwar Afirka, kuma Afirka tana da faɗi, haure yana fita ta gabashinta zuwa Masar tun da daɗewa. Abin da nake nufi kawai shi ne farashin da ya faɗi a wata kasuwa mai nisa yana iya rufe gida a inda ba a taɓa jin sunan kasuwar ba.

Uwar_Gida_Zariya

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin ƙarshe da aka rubuta daga wannan wuri labarin ɗaurin aure ne. Ranar 16 ga Satumba, 1408, a cikin wannan cocin da Bakatsine ya auna bangonsa, aka ɗaura auren Thorstein Olafsson da Sigrid Bjornsdottir. Dukansu mutanen Aislan ne, kuma angon yana cikin waɗanda iska ta karkatar da jirginsu zuwa Girinlan a 1406, suka zauna har 1410. An san labarin ne saboda takardun shaida da aka rubuta don tabbatar da ingancin auren, inda limaman coci biyu suka shaida cewa an yi shelarsa a ranakun Lahadi uku a gaban jama'a.

Ku duba wannan da kyau. Akwai limamai, akwai jama'ar da ta taru, ana bin ƙa'idar aure daki-daki, kuma an iya ciyar da baƙi cikin jirgi guda har shekara huɗu. Garin da yunwa ke kashewa ba ya riƙe baƙo shekara huɗu. Amma ango da amarya ba su zauna ba, sun koma Aislan, a can suka yi rayuwarsu.

Malamin_Tarihi

Hajiya, wannan batu na ciyar da baƙi bai taɓa zo mini a rai ba. Amma shekara ɗaya kafin wannan aure, a 1407, littattafan tarihin Aislan sun ce an ƙone wani mutum mai suna Kolgrim a Girinlan bisa zargin ya yi wa matar wani sihiri. Ba za a iya cewa wannan alama ce ta al'ummar da hankalinta ya tashi ba?

Uwar_Gida_Zariya

Malam, ana iya karanta shi haka, ana kuma iya karanta shi a matsayin shaidar cewa kotunsu da hukuncinsu suna aiki irin na zamaninsu, komai muninsa. Ƙari a kan haka, a 1921 an tono tufafin ulu a maƙabartar Herjolfsnes, can kusa da ƙarshen kudancin tsibirin, waɗanda sanyin ƙasa ya adana. Riguna ne da huluna masu dogon wutsiya irin ɗinkin da ake yayi a Turai a ƙarni na 14. Matan da ke saƙa suna bin yayin Turai ba su ɗauki kansu a matsayin waɗanda duniya ta manta da su ba.

Sarkin_Ruwa

Ina so in jawo hankali ga teku, domin duk wanda ya ce sun koma cin naman sil ya kuma ce sun koma shiga ruwa. Ni masunci ne, kuma na san abin da kifewar jirgi ɗaya ke yi wa ƙauye. Norsawa ba su yi farauta ɗaya-ɗaya a ƙaramin kwale-kwalen fata kamar Inuwit ba, taruwa suke yi, mazajen gidaje da yawa a jirgi guda. Al'ummar da masana na yanzu ke ƙiyasta ba ta wuce mutum dubu biyu zuwa uku ba a lokacin da ta fi yawa, idan guguwa ta ci mata jirgi biyu a shekara ɗaya ta rasa masu yankan ciyawa, ta rasa mafarauta, ta rasa angwaye. Kuma jirgin da ya nutse ba a maye gurbinsa da sauƙi a ƙasar da babu manyan itatuwa.

Magini_Bala

Maganar itace ta Sarkin Ruwa ita ce amsar dalilin da ya sa babu rufi a kangon. Dutse suke da shi, azara ce babu. Sun dogara da itacen da ruwa ke turowa gaɓa, da wanda ake kawowa daga Norwe, da wanda suke zuwa sarowa a gaɓar da suke kira Markland, a Kanada ta yau, har an rubuta cewa wani jirginsu da ya je can ya faɗa Aislan a 1347. Rufin katako da aka lulluɓe da ƙasa mai ciyawa kuwa, da zarar an daina gyara shi sai ya rufta.

Ina da tambaya ga Bakatsine. Na ji an ce babban cocinsu yana Igaliku ne, inda bishop, wato babban limamin cocinsu, yake zama a lokacin. Me ya sa na Hvalsey ya tsaya, wancan bai tsaya ba?

Bakatsine_a_Denmak

Malam Bala, na je Igaliku ma, kuma amsar tana jikin gidajen ƙauyen. Jirgi ya sauke mu a Itilleq, muka taka kamar kilomita huɗu a kan hanyar da ake kira Hanyar Sarki, sai ga ƙauyen a ƙasa, 'yan gidaje kaɗan a tsakiyar filin ciyawa kore, ruwa a gabansu. A nan ne Gardar take, mazaunin bishop tun shekarun 1120, da babban coci mai tsawon kusan mita 27 da garkunan da ke ɗaukar shanu fiye da ɗari. Yau sai tushe da wasu manyan duwatsu na bakin ƙofa. A 1783 Anders Olsen, mutumin Norwe wanda shi ne ya kafa Qaqortoq a 1775, ya zo da matarsa Tuperna, 'yar ƙasar, suka fara noma da kiwo a wurin, kuma mazauna ƙauyen suka gina gidajensu da jan dutsen da suka tarar a sassaƙe a cikin kufan. Na ga gida da idona wanda bangonsa duk irin wannan dutse ne. Hvalsey ta tsira ne domin babu ƙauyen da aka kafa a kanta.

Haka labarin yake a Qassiarsuk, wato Brattahlid ta dā, gidan Erik Ja kansa, wadda ke tsallaken ruwa daga ƙauyen Narsarsuaq. A 1924 Otto Frederiksen ya kafa kiwon tumaki a wurin, a kan filayen da Norsawa suka share. A 1961 ana haƙa don gini aka ci karo da maƙabarta da tushen wani ɗan ƙaramin coci da ake dangantawa da Tjodhilde, matar Erik, kuma a 2000 aka gina kwatankwacinsa da na dogon gidansu don masu ziyara. Sai da na sunkuya kafin in shiga, kuma cikinsa bai fi ɗakin kwana ba. A 2017 hukumar UNESCO ta sa waɗannan wurare cikin kayan tarihin duniya da sunan Kujataa, ta haɗa noman Norsawa da na Inuwit a matsayin labari ɗaya.

Bazazzagi_77

Ba wanda ya yi maganar yaƙi. Ba Inuwit ne suka kore su ba?

Dalibar_Kimiyya

Akwai rubutu ɗaya a tarihin Aislan na shekarar 1379 da ya ce an kai musu hari aka kashe mutum goma sha takwas, aka tafi da yara biyu. Inuwit ma suna da labaran baka kan faɗa da wani shugaban Norsawa mai suna Ungortoq, da kuma labaran abota tsakaninsu. Sai dai masu tonon ƙasa ba su tarar da gawarwaki zube a gidaje ba, ba su tarar da alamar kisan gilla ba, kuma kayan coci masu daraja babu su, abin da ya sa da yawansu ke ganin an kwashe su ne cikin natsuwa.

Dan_Maradi

Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina ganin tambayar Malam ta raba abin da ba ya rabuwa. A farin 1984 na ga yadda ƙauyen kakana ya mutu, kuma babu ranar da za a nuna a ce yau ne aka tashi. Samari ne suka fara tafiya cirani ba su dawo ba. 'Yan mata aka aurar da su wasu garuruwa domin babu masu neman su a gida. Gida uku suka haɗe suka zama ɗaya, aka cire ƙyaure da azara daga waɗanda aka bari. Tsofaffi suka ce ba za su bar kaburburan iyayensu ba, a nan suka cika, kuma wanda ya rufe na ƙarshe shi ma ya ɗauki buhunsa. Idan aka tambaye ni ko mutuwa suka yi ko tashi, sai in ce wa kake tambaya a cikinsu. Bayan annoba gonaki sun zama babu masu su a Norwe, Aislan ma annoba ta shige ta daga 1402, don haka saurayin Hvalsey yana da inda zai je ya sami fili.

Hajiya_Mai_Tumaki

Allah ya jiƙan magabata, Baba. Amma da sun isa Aislan da yawa, ai da an rubuta, tunda mutanen can ba sa barin komai bai shiga littafi ba.

Dan_Maradi

Hajiya, wa ya rubuta isowar mahaifina Kano? Mutum biyu bana, uku baɗi, ba labari ba ne a wurin marubuta.

Malamin_Tarihi

Na gode muku ƙwarai. Zan koma aji in janye maganar taurin kai, in kawo wa yara batun haure da na ɗaurin auren 1408. Sai dai har yanzu ina tare da Likita a kan cewa ciyawa ce tushen al'amarin, domin da rumbu na cika da samari ba su yi sha'awar tafiya ba. Wani abin da ya ba ni mamaki kuma shi ne a 1721 wani mai wa'azin Kirista mai suna Hans Egede ya taho daga Norwe yana sa ran zai tarar da jikokinsu a raye, sai ya tarar da Inuwit da kangaye.

Dan_Kasuwar_Kurmi

Malam, ban yarda ciyawa ce tushe ba. Rumbu cike ba ya ba ka ƙarfen lauje, kuma bishop na ƙarshe da ya zauna a Gardar ya rasu a 1378 ba a sake aiko wani ya zauna ba. Wannan ba aikin ciyawa ba ne.

Magini_Bala

Bakatsine, kafin a watse, da ka tsaya a cikin kangon, ka lura ko akwai abin da aka liƙe duwatsun da shi, ko jera su kawai aka yi? Na ji ana cewa sunan Qaqortoq yana nufin fari, kuma wasu na ganin daga farar ƙasar da aka shafe cocin da ita sunan ya samo asali.

Bakatsine_a_Denmak

Ma'anar sunan haka take, kuma mutanen wurin suna kiran kufan Qaqortukulooq. Daga waje dai ba ka ganin komai sai dutse a kan dutse, manya a ƙasa, an cusa ƙananan faffaɗa a tsakaninsu don su zauna daram. Mai jirginmu ya nuna mini wani lungu a jikin bango inda ɗan farin abu ya maƙale a can ciki, ya ce ragowar abin liƙin ne da aka yi da ɓawon katantanwar teku. Na sa yatsa zan taɓa, ya riƙe mini hannu.